Idan yaro ya yi kisa: Amsar da Yaya take bi na bashi

Ran sadakar uku, bayan la'asar, jama'a sun fara raguwa a ƙofar gida, sai Yaya ta aiko a kira ni cikin ɗaki. Ɗanta na biyu muka binne, saurayi ɗan shekara 19 da ke aji biyu a kwalejin ilimi. Yana dawowa daga sallar isha'i wasu yara uku suka tare shi a lungu, suka ce ya miƙo wayarsa. Da ya yi gardama sai ɗayansu ya soka masa wuƙa a ƙasan haƙarƙari, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Washegari 'yan sintirin unguwa suka kamo wanda ya yi sukan, sai ga shi yaro ne da ko gashin baki bai fara ba, uwarsa tana rantsuwa shekararsa 15.

Yaya ta dube ni da idanun da suka ƙafe don kuka, ta ce, "Kai ne mai karance-karance a gidan nan. Wai da gaske ne ba za a kashe shi ba, don an ce yaro ne? To shi nawa fa, ba yaro ba ne?"

Na ce, "Yaya, ki ƙara haƙuri, hukuma za ta yi aikinta." Na faɗi haka ne don ba ni da wata amsa. Yau shekara huɗu ke nan, hukuma ba ta gama aikin ba, ni kuma na yi ta bin dokoki da tsofaffin shari'o'i ina neman abin da zan gaya mata. Abin da na gano shi ne dokokinmu sun daɗe da yanke cewa ba a rataye yaro, sai dai ba su faɗi dalla-dalla abin da za a yi da shi ba, balle abin da za a yi wa waɗanda ya raba da ɗansu. A cikin wannan giɓi ne ake azabtar da gida biyu a lokaci guda.

Ba zan ambaci sunan yaron ba, haka nan 'yan mata biyu da zan kawo labarinsu, duk da cewa jaridu sun yayata su a lokacin. Doka ta ba yaron da ake tuhuma haƙƙin a sakaya sunansa, kuma ina ganin hikimar hakan.

Abin da doka ta tanada

Kundin Final Kod, wanda jihohin Arewa suka gada tun 1960, wasunsu kuma suka yi masa kwaskwarima daga baya, ya tanadi hukuncin kisa a sashe na 221 ga wanda ya kashe rai da gangan. Amma sashe na 50 ya ware yara. Duk abin da ɗan ƙasa da shekara 7 ya aikata ba laifi ba ne a idon doka. Daga 7 zuwa ƙasa da 12 kuwa, sai an tabbatar hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi da abin da zai biyo baya. Daga 12 zuwa sama ana iya kama shi da laifi, sai dai tsohuwar dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta Arewa ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai cika 17 ba lokacin da ya aikata laifin. Maimakon haka sai a tsare shi har zuwa lokacin da gwamna ya ga dama.

A 2003 aka kafa Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya, wadda ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ta haramta yanke masa hukuncin kisa, ta kuma tanadi kotun iyali da za ta saurari shari'arsa nesa da idon jama'a. Da yake al'amarin yara na cikin hurumin jihohi, sai kowace jiha ta kafa tata kafin ta yi aiki a cikinta, kuma jihohin Arewa da dama sun ɗauki kusan shekara ashirin suna jan ƙafa. Kano sai a 2023 aka sa wa tata hannu. Sannan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 405, ta ce wanda bai cika 18 ba ranar da ya yi laifin ba a furta masa hukuncin kisa, sai ɗaurin rai-da-rai ko wani wa'adi da kotu ta ga ya dace.

A waje ma Najeriya ta ɗaure kanta. Ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, wadda sashenta na 37 ya hana kashe wanda ya yi laifi yana ƙasa da 18, ya kuma hana yi masa ɗaurin da babu ranar fita. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yara, wadda muka amince da ita a 2001, ita ma ta hana yanke wa yaro hukuncin kisa.

A takarda ke nan, amsar tambayar Yaya a fili take. To me ya sa aka taɓa yanke wa wadda aka kama tana 'yar shekara 13 hukuncin rataya a ƙasar nan?

Katsina da Kano

A 2006 aka kama wata yarinya 'yar shekara 13 a jihar Katsina, ana zarginta da cinna wutar da ta halaka mijinta, watanni kaɗan bayan ɗaura aure. Shari'a ta yi ta tafiyar hawainiya, aka ba da belinta, ta sake aure, ta haihu. A Disambar 2012 Babbar Kotun jihar ta same ta da laifi ta yanke mata hukuncin kisa. A lokacin ta kusa shekara ashirin, mace ce da goyo, kuma batun shekarunta a ranar da abin ya faru bai samu nauyin da ya kamata ba a gaban kotun. Da jaririyarta aka rufe ta. Sai da ƙungiyar lauyoyi ta Avocats Sans Frontières reshen Faransa ta kai maganar Kotun ECOWAS da ke Abuja, wadda a Yunin 2014 ta ce hukuncin ya keta haƙƙinta, ta kuma umarci a biya ta diyya. A 2015 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke hukuncin kisan, ta mayar da shi tsarewa har sai yadda gwamna ya so. A 2016 aka sake ta, shekara goma bayan kama ta.

Ta biyun ta faru a Afrilun 2014, a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Gaya ta jihar Kano. Amarya 'yar shekara 14, makonni kaɗan da kai ta ɗaki, aka zarge ta da zuba shinkafar ɓera a abinci. Mijinta ɗan shekara 35 da wasu mutum uku suka mutu. Aka gurfanar da ita a Babbar Kotun da ke Gezawa, masu gabatar da ƙara suka nemi hukuncin kisa, lauyoyinta suka dage cewa gaban kotun yara ya kamata ta tsaya. Ƙasa ta rabu biyu: masu cewa auren dole ne ya tura ta, da masu cewa rayuka huɗu ba abin wasa ba ne. A 2015 Antoni Janar na jihar ya yi amfani da ikon da sashe na 211 na tsarin mulki ya ba shi ya janye ƙarar, kotu ta sallame ta a watan Yuni.

Da yawa sun yi murna da ƙarshen labaran nan biyu, ni ma ban so a rataye ko ɗayarsu ba. Amma mai karatu ya lura da yadda suka tsira. Ta farko lauyoyi daga Faransa da kotun ƙasashen yanki ne suka ceto ta. Ta biyu kuwa hayaniyar duniya ce ta yi yawa har gwamnati ta janye. Babu wadda tsarin shari'armu ya ɗauka tun ranar farko a matsayin yarinya, ya binciki abin da ya faru, ya yanke mata abin da ya dace da laifinta da shekarunta. A shari'ar Gezawa babu hukuncin da ya ce ta yi ko ba ta yi ba, kuma iyalan mutum huɗu sun koma gida ba tare da kotu ta gaya musu komai ba. Yaron da ba shi da lauyan Faransa, jarida kuma ba ta san da zamansa ba, ina makomarsa?

Shekararsa nawa?

Ranar da na fara ganin yaron da ya kashe ɗanmu, an sauko da shi ne daga motar gidan yari cikin manyan fursunoni, an haɗa hannunsa da na wani ƙato a ankwa ɗaya. Rigar jikinsa ta yi masa yawa. Na shiga harabar kotun zuciyata cike da ƙiyayyarsa, kuma ban fita da ƙaunarsa ba, amma na fita da tabbacin cewa yaro na gani. A takardar tuhuma kuwa an rubuta shekararsa 18.

Rayuwar mutum tana iya rataya a kan wannan lamba. Wanda aka rubuta wa 18 ya zama babba, za a kai shi kurkukun manya, kuma igiya tana iya hawa wuyansa. Wanda aka rubuta wa 15 yana da kariyar duk dokokin da na lissafa. Sau da yawa kuma mai rubuta lambar ɗan sanda ne da ya dubi tsayin yaro ya ƙiyasta, ko ya zaɓi abin da zai rage masa wahalar neman wurin ajiye ƙaramin yaro. Iyaye ba su da abin musantawa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, a karkara kuma adadin bai kai haka ba. Uwa za ta ce an haife shi shekarar da aka yi ambaliya, ko damina biyu bayan rasuwar hakimi, lauyan gwamnati ya ce a kawo takarda. Takardar rantsuwar shekaru kuwa kowa ya san yadda ake samunta, don haka ta zama makami a hannun ɓangare biyu: ƙato ɗan 22 yana iya komawa 16 da ita, kamar yadda ɗan 15 yake zama 18 da alƙalamin ɗan sanda.

Likita yana iya duba haƙora da hoton ƙashin wuyan hannu, amma abin da zai bayar ƙiyasi ne da ke iya kuskurewa da shekara ɗaya ko biyu. Shi ya sa ƙa'idar da kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shimfiɗa ita ce, idan an yi bincike shakka ba ta gushe ba, a ɗauke shi yaro.

Sai kuma jinkiri, wanda shi ma yake sauya shekaru. Ana fara kai wanda ake zargi gaban majistare, alhali majistare ba shi da hurumin shari'ar kisa, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Wata shida, shekara, wani lokaci fiye. Idan an kai Babbar Kotu kuma, yau shaida bai zo ba, gobe an yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki, jibi babu man da za a zuba wa motar fursuna. Yaron da ya kashe ɗanmu yanzu ya yi gemu, muryarsa ta buɗe, kafaɗarsa ta faɗaɗa. Alƙalin da zai yanke masa hukunci ƙato zai gani a gabansa, kamar yadda alƙalin Katsina ya ga mace mai goyo. Doka ta ce a duba shekarun ranar laifi, amma alƙali ɗan Adam ne, da ido yake kallo.

Akwai masu cewa yarinyar da aka aurar ta zama babba, suna kafa hujja da sashe na 29 na tsarin mulki. Wannan sashe yana magana ne a kan wanda ke son ajiye zamansa ɗan ƙasa, bai shafi shari'ar laifi ba.

Sai yadda gwamna ya so

A ce an yi sa'a kotu ta yarda yaro ne, ta kuma same shi da laifi. A ƙarƙashin tsohon tsari sai ta ce a tsare shi har lokacin da gwamna ya ga dama. Wannan hukunci ba shi da ranar ƙarewa. Yana iya zama shekara biyu idan yaron yana da mai kai sunansa gaban kwamitin afuwa, yana iya zama shekara ashirin idan fayil ɗinsa ya faɗa bayan kabad. Iyalan mamaci ba su san yaushe za su yi kiciɓis da shi a kasuwa ba, shi ma bai san abin da zai yi ya cancanci fita ba.

Daga Ingila muka gaji wannan tsari, kuma su can sun gyara shi bayan wata shari'a da ta girgiza su. A 1993 yara biyu 'yan shekara 10 suka sace wani yaro ɗan shekara 2 a wata cibiyar kasuwanci kusa da Libaful, suka kashe shi. Aka yi musu shari'a a kotun manya, jama'a suna ihu a waje. Da fushin mutane ya yi yawa sai Ministan Cikin Gida ya ɗaga mafi ƙarancin zamansu zuwa shekara 15. Kotunan Ingila suka soke wannan mataki, sannan a 1999 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce shari'ar ba ta yi adalci ba, domin yaran ba su iya bin abin da ake yi da su ba, ta kuma ce ɗan siyasa ba shi ne zai yanke wa'adin ɗauri ba. A yau alƙali ne ke faɗin mafi ƙarancin shekarun a bainar kotu, bayan sun cika kuma hukumar sakin fursunoni ta duba ko sakin ba zai cutar da jama'a ba, kuma wanda aka saka yana ƙarƙashin sa ido har ƙarshen rayuwarsa. An saki yaran biyu a 2001. Ɗaya ya koma kurkuku fiye da sau ɗaya kan wasu laifuffuka, ɗayan ba a sake jin sa a kotu ba. Na kawo duka biyun ne don kada a ce na ɓoye cewa gyara yana iya cin tura.

Amurka ma, wadda ta daɗe tana kashe waɗanda suka yi laifi suna yara, Kotun Ƙolinta ta haramta hakan a 2005, sannan a 2012 ta hana dokokin da ke tilasta wa alƙali yanke wa yaro ɗaurin da babu fita. Hujjarta ita ce yaro bai gama mallakar kansa ba, abokai suna saurin jan sa, halinsa kuma bai gama ƙafuwa ba. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne fushi, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Bahaushe ya riga su da ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka.

A ina za a ajiye shi? Gidajen Bostal na tarayya da aka daɗe da sani uku ne, a Kaduna da Ilori da Abekuta, kuma domin samari maza aka gina su. Gidajen kangararrun yara na jihohi kuwa ba a shirya yawancinsu don riƙe mai laifin kisa na tsawon shekaru ba. Ƙarshenta sai kurkukun manya, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi. A 2019 an sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, amma yaron da ya kwana shekara huɗu ɗaki ɗaya da 'yan fashi, kowa ya san irin karatun da zai sauke.

Abin da malaman fiƙihu suka ce

Wasu za su ce duk wannan tausayin Turawa ne, shari'ar Musulunci rai da rai ta sani. Na zauna da malamai a kan wannan, kuma abin da ke cikin littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya fi haka zurfi. Ƙisasi yana hawa kan mukallafi ne, wato baligi mai hankali. Yaron da bai balaga ba, ko da gangan ya yi kisa, hukuncinsa na kuskure ne, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Ba a kashe shi, ana ladabtar da shi, diyya kuma tana kan aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba, su biya a cikin shekara uku. Idan babu dangin da za su ɗauka, sai baitulmali. Idan alamun balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance a mazhabar shi ne sai ya cika shekara 18.

Gaskiya ne akwai saɓani a nan da ba zan ɓoye ba. Ɗan shekara 15 da alamun balaga suka bayyana gare shi mukallafi ne a fiƙihu, alhali dokar ƙasa tana kiransa yaro. Sai dai ko a nan shari'a ba ta bar igiya ita kaɗai a kan tebur ba. Ta ba waliyyan jini zaɓin yafewa ko sulhu a kan diyya, ta kwaɗaitar da su yin hakan, kuma Malikiyya sun ce wanda aka yafe wa kisan ganganci hukuma tana yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, don kada yafiya ta zama sakin banza.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne fiƙihu bai taɓa barin jini ya tafi a banza ba. Ya ɗauke takobi daga wuyan yaro, ya ɗora nauyi a kan manyan da suka kewaye shi. Ita kuwa shari'ar da muke yi a manyan kotuna tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma. Yaya, wadda ta yi naƙuda ta yi raino, matsayinta a wannan shari'a bai wuce na 'yar kallo ba. Babu wanda ya taɓa aiko mata da sanarwar ranar zama. A bakin masinjan kotu muke ji.

Ga masu cewa a kashe su kawai

Na san zafin da ke sa mutane faɗin haka, don na ɗanɗana shi. Na kuma san hujjarsu mafi ƙarfi: cewa manyan 'yan daba suna tura ƙanana gaba da wuƙa domin sun san doka tana sassauta musu. Hakan yana faruwa. Amma maganinsa shi ne a kamo wanda ya ba yaron ƙwaya da wuƙa, da dillalin da ke sayen wayar sata, a yi musu hukuncin manya. A shari'armu yara uku ne suka tare ɗanmu, ɗaya aka kama, kuma har yau babu wanda ya tambayi inda wayar ta shiga. Ɗan shekara 15 da ƙwaya ta cika wa kai ba ya tsayawa lissafin sashe na 221 kafin ya zaro wuƙa. Abin da ke hana laifi shi ne tabbacin za a kama ka, a hukunta ka da wuri. Hukunci mai tsanani da ba ya zuwa sai bayan shekara goma, ko ba ya zuwa sam, ba ya tsorata kowa.

Haka nan ban yarda da masu ganin yaro ba ya laifi ba. Wanda ya soka wa ɗanmu wuƙa ya san wuƙa tana kisa. Sakinsa haka kawai zalunci ne ga Yaya, kuma cutarwa ce gare shi, domin zai tashi da sanin cewa rai ba shi da tsada.

Abin da nake roƙo

Na farko, a tantance shekaru tun a makon farko, a gaban alƙali, da likita da iyaye da mai unguwa da rajistar makarantar boko ko ta allo, kafin a yanke inda za a tsare wanda ake zargi. Kada lambar da ɗan sanda ya rubuta ta zama ita ce ƙarshen magana.

Na biyu, majalisun jihohi su sa wa shari'ar yaro wa'adin da ba za ta wuce ba, a kuma ba shi lauya tun daga ofishin 'yan sanda, kada a karɓi jawabin amsa laifi da aka rubuta da Turanci aka sa shi ya dangwala yatsa ba tare da wani babba nasa a wurin ba.

Na uku, a kawar da tsarewar sai yadda gwamna ya so. Alƙali ya faɗi adadin shekaru a gaban kowa, gwargwadon shekarun yaron da munin abin da ya yi, a riƙa duba halinsa lokaci-lokaci, kuma a saurari iyalan mamaci kafin a sake shi.

Na huɗu, kowace jiha, ko jihohi biyu zuwa uku su haɗa hannu, su gina wurin tsaro na gaske domin irin waɗannan yara, maza daban mata daban, mai makaranta da koyon sana'a da malaman addini da likitan ƙwaƙwalwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda aka rufe yana 15, ko an jima ko an daɗe, cikinmu zai dawo.

Na biyar, a dawo da haƙƙin mamaci cikin shari'a. Dokar 2015 ta ba kotu ikon umartar a biya wanda aka cuta diyya, amma yaron da ya yi kisa don wayar hannu ba shi da ko sisi. A nan ne hikimar aƙila take da amfani: a zaunar da danginsa su ɗauki abin da za su iya, jiha kuma ta kafa asusun da zai cike sauran, kamar yadda baitulmali yake yi. Kuɗi ba sa dawo da rai, amma shaida ce cewa al'umma ta san an yi rashi.

Uwar yaron ta zo gidanmu bayan sadakar arba'in, Yaya ta ƙi fitowa. Amma da yake benci ɗaya ne a barandar kotun, shekara huɗu ke nan suna zama a kansa, wannan a wannan gefe, waccan a wancan. A zaman da ya wuce, bayan an sake ɗage ƙarar, na ga matar ta matso ta ce, "Hajiya, sannu da haƙuri." Yaya ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Sannunmu dai."

A mota na karanta mata abin da na rubuta a nan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ni yanzu ba jininsa nake nema ba. So nake alƙali ya dube shi ya ce ka yi laifi, ga abin da za ka biya, ga ranar da za ka gama. In ji da kunnena, in je in yi wa ɗana addu'a da zuciya ɗaya."

An sa mana rana bayan hutun kotu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba masu riƙe da alƙalamin shari'a ikon yin gaskiya a kan lokaci.